In Ruwa Ya Zube Ya Bar Tulu

Akwai wani ciwo da ba a zuwa dubiyarsa, shi nake so mu tattauna. In aka yi wa mutum rasuwa, dangi da maƙwabta za su cika zaure da gaisuwa. In gobara ta lashe masa shago, 'yan layinsu za su zo jaje, har a yi masa karo-karo. Amma yaron da aka taso ana kiransa "Dakta" tun yana firamare, ya zana JAMB har ya gaji bai samu gurbin likitanci ba, shi babu mai zuwa masa jaje. Abin da yake samu tambaya ce a ƙofar masallaci: "Yaya dai, har yanzu shiru?" Ya yi yaƙe ya ce ana nan ana jira, ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Da shi nake, da 'yar'uwarsa, da duk wanda ya ɗora ransa a kan wani abu, abin ya kuɓuce masa, kakin soja ne, ko aikin gwamnati, ko karatun ƙasar waje.

Na daɗe ina koyarwa, yara da yawa sun wuce ta hannuna, ga kuma abin da na lura da shi. Rashin samun abin da ake so ba kasafai yake kayar da matashi ba. Abin da ke kayar da shi, yadda ya yi da shekarun da suka biyo bayan rashin. Na ga wanda aka hana shi abu guda ya tashi da goma, na kuma ga wanda aka hana shi abu guda ya bi shi da duk sauran abin da ke hannunsa. Kuma sau da yawa na biyun ya fi na farkon kaifin ƙwaƙwalwa.

Da farko, ɗana, ka san girman cunkoson da ka shiga, don kada ka yanke wa kanka hukuncin da bai dace da kai ba. A 2025 kusan mutum miliyan 2 ne suka zana jarrabawar JAMB, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗanda suka haura ɗin ma ba duka suka tsira ba, musamman masu harin likitanci, domin gurbin ƙidayayye ne. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin da za a koyar da su. Shi ya sa za ka ga yaro da maki mai kyau, takardun sakandarensa tsaf, a ce masa wuri ya cika.

Waɗanda suka samu shiga su ma ba su tsallake siraɗi ba. Yajin aikin ASUU ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗanda iyayensu suka guje wa yajin aiki suka tura su waje, wasunsu yaƙi ne ya koro su. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, ɗalibanmu na likitanci suka gudo da 'yar jakar hannu. A ranar 15 ga Afrilun 2023 wuta ta tashi a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Aka loda 'ya'yanmu a motocin bas suka nufi iyakar Masar, suka kwashe kwanaki a kan iyaka kafin a bar su su wuce, daga Aswan jirage suka fara sauke su a Abuja a farkon Mayu, wasu kuma ta Port Sudan aka kwaso su. Cikinsu akwai wanda kaɗan ya rage masa ya kammala, bayan mahaifinsa ya sayar da fili ya biya masa kuɗin makaranta da dala. Wane lalaci wannan yaron ya yi?

Saboda haka kada ka ɗauki abin da ya same ka a matsayin shaidar daƙiƙanci, ko alamar Allah yana fushi da kai. Kada kuma ka bari a raɗa maka cewa hannu aka sa maka. Na ga gidajen da zumunci ya watse a kan wannan: an ce kishiyar uwa ce ta ɗaure yaro, ko wani baffa ne ba ya so a fi 'ya'yansa. Aka kwashe ɗan abin da ya rage aka kai wa boka, aka dawo da ƙulle-ƙulle da gaba, jarrabawa kuwa tana nan inda take. Abin da lissafin kujeru ya isa ya bayyana, kada ka nemo masa maƙiyi a cikin danginka.

Ban ce kada ka ji ciwo ba. Ciwo ne, wanda ya ce maka ba komai bai ɗanɗana ba ne. Ka tuna da Hudaibiyya. A shekara ta 6 bayan Hijira Manzon Allah (SAW) ya fito daga Madina da sahabbai kimanin 1,400, sun ɗaura harami, sun koro dabbobin hadaya, zukatansu duk suna Ka'aba. Ƙuraishawa suka tare hanya, aka ƙulla sulhun da ya ce su juya bana, sai baɗi. Abin ya yi musu nauyi ƙwarai, har Sayyidina Umar ya kasa haɗiyewa, ya tashi yana tambaya. Duk da haka suka yanka hadayarsu, suka yi aski, suka koma Madina. Da shekara ta zagayo suka yi umrarsu. A cikin zaman lafiyar da sulhun ya kawo ne irin su Khalid bn Walid da Amru bn As suka musulunta, a shekara ta 8 kuma aka shiga Makka da mutum 10,000. Ka lura da abu biyu a nan. Sun ji zafi kamar yadda kake ji. Amma ba su zauna a Hudaibiyya da harami a jiki suna jiran Ƙuraishawa su sake shawara ba.

Wannan zama da harami a jiki shi ne kuskuren da na fi gani a wurinku. Yaro ya zana JAMB bana, bai samu ba, ya ce sai baɗi. Tsakanin bana da baɗi ba ya komai, domin a ganinsa rayuwa ba ta fara ba tukuna. Baɗi ta zo, a maimaita. Ita kuwa shekara ba ta san ana jira ba. Makarantar soja ta NDA da ke Kaduna tana da iyakar shekaru, wanda ya haura ba ta ɗaukarsa. Wanda ya gama digiri bayan ya wuce 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Tallan aikin banki da na ɗamara yawanci da ƙa'idar shekaru suke fitowa. Sake gwadawa ba laifi ba ne, mai nema yana tare da samu. Sai dai ka sa wa gwajin iyaka tun yanzu, ka faɗa wa kanka sau nawa ya rage, kuma ka riƙe wani abu a hannu kana gwadawa. In jami'a ta ba ka wani kwas na kimiyya a maimakon likitanci, karɓi, ka yi shi da gaske. Jami'o'i da dama suna ɗaukar mai digiri mai kyau a fannonin da suka danganci lafiya kai tsaye zuwa aji biyu na likitanci, in har lokacin zuciyarka tana can. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Zaman jira kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Kunya ce ke fara biyo shi. Ka daina zuwa ɗaurin aure don gudun tambaya, ka daina ɗaga wayar abokan makaranta, rana ta zama ta barci, dare ya zama na waya. Daga nan sai ka samu majalisar da ba a tambayar kowa komai, domin kowa a wurin da nasa mikin. A irin wannan majalisa ake miƙa wa mutum abin da aka ce yana ɗauke tunani. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda. A 2018 ɗin ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, bayan an ga ɓarnar da yake yi, har a cikin gidajen aure. Da yawa daga cikin waɗanda na sani sun faɗa wannan rami ba 'yan daba ba ne. Yara ne masu ladabi da abu ya kuɓuce wa, suka rasa wanda za su faɗa wa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka ka duba da wa kake kwana hira.

Akwai kuma wanda shi ba zama zai yi ba, zabura zai yi don ya huce haushi. Yana so cikin wata shida ya sayi motar da za ta rufe bakin masu tambaya. Masu damfara sun san wannan zuciya sarai, da ita suke ci. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, kuma tsakanin waɗannan biyu an yi wasu barkatai masu sunaye daban-daban da alkawari iri ɗaya: kawo kaɗan ka karɓi ninki. Wani kuma Agadas zai nufa, ya ce ko Libiya ko Turai. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Neman arziki a wata ƙasa gadonmu ne, kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja. Amma su da madugu suke tafiya, sun san zango, sun san abin da za su sayar. Duk shawarar da ka ga haushi ne ke tura ka gare ta, ka ajiye ta ta kwana, ka kai ta gaban wani babba da ba shi da riba a cikinta.

Ita ma wayar hannunka ka yi hattara da ita a wannan lokaci. Wanda kuka zauna benci ɗaya zai sa hotonsa a Facebook da farar riga da abin awo a wuya, zuciyarka ta yi ƙuna. Wannan ƙunar in ka bar ta hassada take zama. Maganinta ka kira shi ka yi masa murna, ka yi masa addu'a da sunansa. Za ka ji nauyi a karon farko, daga baya za ka ga kai ne ka samu sauƙi. Rabonsa ya ɗauka, bai taɓa naka ba.

To, in an kauce wa waɗannan ramuka, sai ina? Hausawa suka ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Lafiyarka tana nan, karatun da ka yi yana kanka, ƙuruciyarka ba ta ƙare ba. Zauna kai kaɗai ka yi wa kanka tambayar da wataƙila ba a taɓa yi maka ba: me ya sa nake son abin nan tun farko? Ka ba da amsa ta gaskiya, ba wadda ake faɗa a gaban malamai ba.

In amsarka ita ce kana so ka taimaki marar lafiya, to ƙofar a buɗe take har yanzu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya, a Najeriya suke mutuwa, kuma mu a Arewa mun fi kowa sanin wannan makoki. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauye, wadda za ta fara isa gare ta ungozoma ce, ko ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti. 'Yata, in kin ƙware a aikin ungozoma ko jinya, ran da za ki ceta da yardar Allah ba zai tambaye ki wace takarda kika riƙe ba. Ga aikin gwajin jini, ga ɗaukar hoton ƙashi, ga gashin ƙashi, ga harhaɗa magunguna, duk likita ba ya aiki sai da su. In amsarka ita ce kana so ka fitar da iyayenka daga wahala, hanyoyin wannan sun fi a ƙirga, wasunsu ma sun fi likitanci saurin kaiwa. In kuwa ka duba ka ga sunan kawai kake so, ko kuma burin na mahaifinka ne ka ɗauka don ka faranta masa, to ka gode wa Allah da ka gane da wuri. Akwai masu farar riga da ba su gane ba sai da suka shekara goma cikin aikin da ba sa so.

Ga misalin wanda ya sauya hanya: ɗaliban nahawu duk sun san Sibawaihi. Hadisi ya je nema a Basra, a gaban Hammad bn Salama. Wata rana ya yi kuskuren i'irabi a cikin karatu, malamin ya gyara masa a gaban jama'a. Ya tashi ya koma wurin Khalil bn Ahmad ya duƙufa a kan nahawu, har ya rubuta Al-Kitab, littafin da malaman Larabci ke komawa gare shi fiye da shekara dubu. Ba a lissafa shi cikin manyan malaman hadisi, amma su ma sai da nahawu suke karanta hadisin daidai.

A nan gida, dubi Malam Aminu Kano. Ya bar aikin koyarwa ya shiga gwagwarmaya tun zamanin NEPU a 1950, ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 a jam'iyyar PRP bai samu ba, ya rasu a Afrilun 1983 ba tare da ya hau wannan kujera ba. Abin da yake nema da kujerar, wato talaka ya san 'yancinsa, mace ta yi ilimi, wannan bai bi shi kabari ba. Gwamnatin da jam'iyyarsa ta kafa a Kano, ta Abubakar Rimi, ita ta buɗe Hukumar Yaƙi da Jahilci ta jihar a 1980.

'Yata, cikin waɗanda suka amfana da azuzuwan wannan hukuma akwai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, auren kuma bai ɗore ba. Da ta ce shi ke nan an gama da ita, babu wanda zai ga laifinta. Sai ta koma aji tana babba, ta riƙe alƙalami, ta rubuta Budurwar Zuciya, da Wa Zai Auri Jahila?, da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Saboda haka in aure ko haihuwa ko rashin kuɗi ya katse miki karatu, ki ɗauka an dakata ne. Ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da ake karatu daga gida, ga makarantun matan aure. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki karɓi auren da ba ki natsu da shi ba don kawai ki huta da zaman gida da surutun mutane. Aure ibada ne mai zaman kansa, a shige shi don shi.

Sabuwar manufa ba ta samun mutum a kwance. Ban taɓa ganin wanda ya gano abin da zai yi da rayuwarsa yana kallon silin ba. A cikin aiki ake gano ta. Ka tashi bayan asuba kada ka koma. Je ka koyar da lissafi a islamiyyar unguwarku, ko ka tara yaran maƙwabta masu shirin WAEC. Je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka durƙusa gaban mai gyara, ko ka bi masu haɗa sola, ko ka nemi ɗan fegi a Kadawa ka gwada noman rani. Wani zai ce, duk karatun nan a ƙare a nan? Ka bar shi da bakinsa, babu maraya sai rago. Ilimin kimiyyar da ke kanka shi zai sa ka fahimci abin da wasu ke yi da ka kawai, ka riƙe littafin shiga da fita, ka san dalilin da ya sa batir ke mutuwa ko taki ke ƙona shuka. Mai yiwuwa abin da ka fara ba shi ne inda za ka tsaya ba. Amma a can za ka haɗu da mutane, a ga amanarka, wani ya ja ka zuwa inda ba ka taɓa tsammani ba.

Iyayenka kuma ka zauna da su. Su ma fa burinsu ne ya zube, wani lokaci faɗan da suke yi maka baƙin cikinsu ne ya rasa hanyar fita. Kada ka mayar musu da magana, kada kuma ka yi ta yi musu alkawarin baɗi don ka kwantar musu da hankali alhali zuciyarka ta bar wurin. Ka je da shiri a hannu: Baba, ga abin da nake so in gwada, ga inda zan koya, ga lokacin da zai ɗauka, a sa mini albarka. In bakinka ba zai iya ba, ka nemi kawu ko gwaggo ko limamin unguwa ya shige maka gaba. Uba yakan sauko in ya ga ɗansa ya zo da hanya, abin da ba ya jurewa shi ne ganin ɗa a kwance.

Wata magana kuma ba zan rufe ba sai na faɗe ta. In baƙin cikin ya wuce makonni yana hana ka barci, abinci ya fita ranka, abin da kake so da ya daina burge ka, har ka fara jin mutuwa ta fi maka, to wannan ya zama rashin lafiya, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini ke da shi. Faɗa wa wani yau, kada ka bari sai gobe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ka riƙe sallarka da addu'arka, ka kuma ga likita.

'Ya'yana, kada makon nan ya fita sai kun yi abu uku. Ku nemi babba guda da kuka yarda da shi ku faɗa masa gaskiyar abin da ke ranku. Ku sa wa jiran da kuke yi rana, ku rubuta ta. Sannan ku yi istihara ku fara wani aiki, komai ƙanƙantarsa, wanda zai fitar da ku daga ɗaki kowace safiya. Ku kuma da Allah ya cika muku naku burin, ku leƙa abokan da aka bari a baya, ku daina tambayarsu "har yanzu shiru?", ku tambaye su da me za ku taimaka. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.